Na sa Shata a manyan sifiku sai sautin ya cushe: laifin waƙar ne ko na kayan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Unguwar Rimi ne. Bara na sayi amfilifaya da sifiku biyu na hannu, sai wani abokin aikina ya ja ni cikin wasu mutane da ke haɗuwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa ya zo da faifan da yake so a saurara tare. Su dai kullum na Turawa suke kawowa. Da layi ya zo kaina na jona wayata na sa Shata, sai sautin ya fito a cushe, kalangun kamar ana bugun kwali, har wani ya ce ai waƙoƙinmu ba a yi su don irin waɗannan kaya ba. Gaskiya ne? Kai me kake saurare a kwanakin nan, kuma me zan kai musu wata mai zuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: me ya ɓata sautin a ranar, ko kiɗanmu na gida yana da gurbi a gaban kayan sauti masu tsada, sannan wane faifai za ka riƙa in za ka koma. Na ukun ya fi daɗin amsawa, amma sai mun bi ta na farkon, domin in ba ka san inda ɓarnar ta shigo ba, abin da ya same ka zai sake samunka ko da waƙar wa ka sa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina gyaran rediyo, rakoda da amfilifaya a garin nan, kuma wannan magana ta abokinka na sha jin ta a bakin shago. Akwai ɗan abin kamawa a cikinta, amma ya ɗora laifin a kan wanda bai ci ba. Shata bai yi komai ba. Kwafin da ke cikin wayarka ne ya sha wahalar hanya.

Tafiyar da waƙar ta yi kafin ta iso wayarka

Ka lissafa da ni. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma mafi yawan abin da ya bari an ɗauke shi ne ko dai a ɗakin ɗaukar gidan rediyo, ko a ɗakin kamfanin faifai, ko kuma a filin biki da makirfo guda a gaban bakinsa, makaɗa da 'yan amshi suna can baya. Tun 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, kuma manyan mawaƙanmu da dama sun bi ta ɗakunansa. Wannan ɗaukar ta farko sau da yawa tana da kyau fiye da yadda mutane ke zato. Daga nan sai ta hau kaset. Zaren kaset siriri ne, yana tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, saboda haka tun a kwafin farko akwai 'yar shuu ɗin nan da ke kwance a ƙarƙashin waƙa. Mai shagon kaset ya kwafa daga kwafi, wani ya kwafa daga nasa, wasu ma da saurin ninki biyu don ciniki ya yi yawa. Kowane kwafi yana ƙara shuu, yana kuma aske saman sauti, wato kaifin nan da ke sa ka ji saukar makaɗi a kan fata.

Bayan shekaru sai wani bawan Allah ya jona tsohuwar rakoda da kwamfuta da wata 'yar waya ta naira kaɗan, ya mayar da waƙar MP3. Faifan sidi yana zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da masu turi suka fi bayarwa 128 ne, kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan, wasu ma 64 don memori ya ɗauki waƙoƙi da yawa. Wani ya ɗora a YouTube aka sake matse ta, wani ya sauko da ita ya sake mayarwa MP3, aka yi ta turawa a WhatsApp. In kuma ta Bluetooth ka jona wayar a ranar, to an ƙara mata matsa ta ƙarshe a kan hanyarta ta shiga amfilifaya. A 'yar sifikar waya ba za ka ji duk wannan ba, don ita kanta ba ta iya fitar da ƙasan sauti ko samansa. Manyan sifiku kuwa ba su da rufin asiri, abin da aka ba su shi suke zubewa a tsakar ɗaki.

Ga gwajin da za ka yi yau a gida. Duba girman fayil ɗin. Waƙar minti goma a ingancin sidi tana kai wajen megabait 100. A 128 ba ta cika megabait 10 ba, a 64 kuwa kusan biyar. In ka ga doguwar waƙar Shata ta minti ashirin a megabait tara, ka san me ka kai wa mutane. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa zai mayar maka da ita FLAC ta gyaru. FLAC na adana abin da aka ba shi ba tare da ya zubar da komai ba, amma abin da aka riga aka zubar ba ya dawowa. Tuwon da aka tsinka da ruwa, ko a kwanon sarki aka juye shi yana nan a tsinke.

Zan faɗa maka gaskiya a nan, ko da wasu 'yan'uwana masu son kaya za su ɓata rai: MP3 mai 256 ko 320 da aka yi daga asali mai kyau, ni kaina ba na iya bambance shi da sidi in aka rufe mini ido. Matsalarka ba sunan fayil ba ce. Asalin da aka ɗauko ne, da yawan hannun da ya bi.

Kiɗanmu ya fi dacewa da gwajin kaya

Yanzu ga maganar cewa waƙoƙinmu ba na irin waɗannan kaya ba ne. Manufar kayan sauti masu inganci guda ce, su maido maka da sauti kamar yadda yake a zahiri. To da me za ka auna? Da abin da kunnenka ya sani a zahiri. Mu nawa ne a Kaduna muka taɓa zama a gaban makaɗan Turai su tamanin a babban zaure? Amma kalangu ka ji shi a gidan biki tun kana goye. Ka ji tambari da kakaki a hawan Sallah a Zariya. Ka san yadda muryar dattijo Bahaushe take in yana waƙa kusa da kai. Wannan sani shi ne ma'aunin da babu mai sayar maka da shi.

In aka kawo mini sifika gyara na gama, kalangu nake fara sa mata. Makaɗi ya buga, ya matse tsarkiya a hammatarsa, sautin ya hau ko ya sauka bayan bugun. Sifika mai kyau za ta ba ka bugun daban, lanƙwasar daban, har ka ji kalangun na magana. Wadda ƙasanta ya yi ruwa sai ta haɗe su ka ji dum dum kawai. Sai kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsarkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, ga 'yan zobban ƙarfe a saman sandar suna kacau-kacau. Kayan da samansu ya yi tsini sai zobban su rinjayi komai su riƙa sukar kunne, waɗanda samansu ya dushe kuma sai zobban su ɓace ɗungum. Sai 'yan amshi: a waƙar Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, kana jin muryoyi ne daban-daban suna karɓa suna miƙa wa juna, ko kuwa dunƙule guda kake ji? Hatta harshen kansa ma'auni ne. Hausa na da ɓ da ɗ da ƙ, tana da hawa da saukar murya da ke canza ma'ana. In ka fara wahalar gane baitin da ka haddace tun kana yaro, tsakiyar sautin kayanka na da matsala, kuma a tsakiyar nan ne muryar ɗan Adam ke zaune.

Kasancewar yawancin tsofaffin waƙoƙinmu ta kafa ɗaya aka ɗauke su, ba dama da hagu ba, wannan ba aibi ba ne. Yana ma da amfani. In ka zauna daidai tsakiyar sifiku biyu, ya kamata ka ji muryar ta tsaya cak a tsakiya kamar mutum na tsaye a jikin bango. In ka ji ta warwatse ba ka san inda take ba, kuma ƙasan sautin ya rame, duba bayan kayanka, akwai yiwuwar ka juya wayar ja da baƙa a sifika ɗaya. Na sha zuwa gidajen manyan mutane a Malali da Unguwar Sarki an kira ni kan cewa amfilifaya ta lalace, ashe yaro ne ya cire waya lokacin shara ya mayar da ita a juye.

In kuma abokinka yana son shaida cewa kayan kiɗan gargajiya na yankinmu suna haskawa in aka ɗauke su da kulawa, ka nemo faifan Ali Farka Touré da Toumani Diabaté mai suna In the Heart of the Moon, wanda ya fito a 2005 ya kuma ci kyautar Grammy. A wani otal a Bamako aka ɗauke shi, jita ce da kora, wani kayan kiɗa mai tsarkiya 21, sai ɗan abin da ba a rasa ba na raka su. Masu son kayan sauti a Turai suna sa shi don nuna kyawun sifikunsu. Da gurminmu da gogenmu da garayarmu sun samu irin wannan ɗauka, da su ma ana nan ana yawo da su.

Abin da ke kan rakodata a kwanakin nan

Tunda hunturu ya shigo, da dare bayan Isha'i na fi komawa wa gurmin Haruna Uji. Ina da kaset ɗinsa da na gada a wajen wani yayana, zaren bai miƙe ba, kuma gurmi yana da wani kauri a ƙasa da ke cika ɗaki ko an rage murya. Ranar da nake son raha sai na sa Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013. Kiɗan ƙwarya yana da wuyar fitarwa fiye da yadda ake tsammani, musamman ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, don sautinta na da zurfi amma gajere ne, sifikar da ba ta iya tsayawa da wuri sai ta ja shi ya zama gurnani. Ɗanƙwairo kuwa na safiyar Lahadi ne, lokacin da babu hayaniya zan bi zubin maganarsa.

Daga waje, Ali Farka ɗin nan da na ambata ba ya nisa da ni. Ina sa Fela saboda gangunan Tony Allen, waƙa guda ta cinye fuskar faifai sukutum, kuma in kayanka na da kyau za ka iya bin hannun dama da ƙafarsa daban-daban. Ina da Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, wanda kusan duk mai wannan sha'awa yana da shi, kuma na tabbata abokanka sun sa maka shi. Ka lura da shekarar. Ya girmi yawancin abin da Shata ya ɗauka, amma yana nan garau domin an adana zaren asali, ana komawa gare shi duk lokacin da za a sake bugawa. Bambancinmu da su ke nan, adana. Sai mawaƙan Indiya Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar, waɗanda duk ɗan Arewan da ya yi zamanin silima ba sai an gabatar masa da su ba. Ɗaukar tasu siririya ce, saman yana da tsini, nakan ɗan rage shi kaɗan, kuma ba na jin kunyar taɓa maɓallin, don shi aka sa shi.

Waƙoƙin yaranmu na yanzu da ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, ina saurara, wasu baitocin na burge ni. Sai dai an gina sautinsu ne don waya da 'yar sifikar Keke Napep, an tura komai ya yi ƙara daidai wa daida daga farko har ƙarshe. A manyan sifiku minti goma ya isa kunne ya gaji. Ba mu kaɗai ba ne, Turawa ma sun yi wannan gasar ƙara tun shekarun 1990 har ta ɓata musu faifai masu yawa.

Wannan ya kawo ni kan wani tarko da ake faɗawa a irin zamanku. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin ɗan kaɗan ne. In aka gama faifan zamani mai ƙarfi aka sa tsohon kaset ba a taɓa maɓallin murya ba, dole tsohon ya zama kamar mara lafiya. Ku daidaita ƙarfin kafin kowa ya yanke hukunci. Amma kada a wuce gona da iri: masana lafiyar kunne sun sa iyakar ƙarfin sauti a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, an yi yawa.

Yadda za ka samu kwafi mai kyau

Ka fara da gidanku. Akwatunan iyaye da kawunnai cike suke da kaset da faifan garmaho da babu mai waiwayarsu. Ka tambayi tsofaffin masu shagon kaset a kewayen Kasuwar Gumi da Tudun Wada, wasu sun daina sana'ar amma ba su zubar da uwar kaset ɗin da suke kwafa daga gare ta ba, kuma ita kake nema. In ka samu, kada ka jefa ta cikin rakodar da ta shekara goma a rufe, za ta tauna zaren. A canza bel, a goge kan rakodar da robar da ke jan zare da auduga da sifirit. Kusa da kan akwai wani ɗan sukurun da ke daidaita tsayuwarsa. Kana saurare kana juya shi a hankali, inda sautin ya fi washewa nan za ka tsaya. Wannan ɗan sukurun ya sha dawo da kalangun da aka ɗauka ya mutu. In ba a rubuta Dolby, wato tsarin rage shuu, a jikin kaset ɗin ba, ka kashe maɓallinsa, in ba haka ba zai ƙara dusar da sautin. Daga nan ka ɗauka a kwamfuta da manhajar Audacity, kyauta ake samunta, ka ajiye a WAV ko FLAC. Ka bar 'yar shuu ɗin, kada ka ce sai ka share ta tas, tare da numfashin mawaƙin take tafiya. In za ka tura wa abokai ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato document, don ya isa yadda yake. Na mawaƙan da ke raye kuwa, a saya a hannunsu ko a saurara ta inda za su samu haƙƙinsu.

Faifan garmaho yana da nasa sharaɗin a garin nan. A tsaye ake jera shi, nesa da taga, kuma kada ka bar shi a but ɗin mota a watan Maris ko Afrilu, zai lanƙwashe kamar faifan kaba. Da hunturu iska ta bushe, faifan na jan ƙura da kansa, sai ka ji tas-tas, don haka a share shi kafin a ɗora allura. Kayan hannu kuma a duba bayansu. Wutarmu bolt 230 ce mai bugun 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugun 60, ta Japan 100. Wani ya taɓa kawo mini garmahon da aka aiko masa daga Amurka yana cewa duk mawaƙin da ya ɗora sai ya zama kamar mai jin barci. Ya sa taransifomar rage wuta, amma ita ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta canza bugunta. Motar garmahon da bugun wuta take auna gudunta, sai faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti ya koma wajen 28. Sai da muka canza ɗan gargaren da bel ke hawa. Kada kuma ka jona amfilifayarka a ƙaramin janareta kai tsaye, kuma in inbata ce, ka tabbata mai fitar da wuta sumul ce, ɗaya irin tana sa kaya gurnani.

Iyakata a wannan amsa ita ce ban ji kayanka ba, ban kuma ga ɗakin da kuke zama ba. In falo ne mai tayil da bango tsirara, rabin cushewar da ka ji amsa-kuwwa ce, kafet da labule mai kauri za su yi maka aikin da sabuwar amfilifaya ba za ta yi ba. Ka janye sifikun daga kusurwa, ka sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerarka. Kunnena kuma ya haura shekara hamsin, can ƙololuwar sama da yaro ɗan ashirin ke ji ta daɗe da barina, saboda haka abin da na ce ya yi laushi kai kana iya jin sa da kaifi.

Wata mai zuwa, in ni ne kai, abu biyu zan riƙa. In fara da Ali Farka, waƙa ɗaya, don kunnuwa su zauna a kan tsarkiya da ƙwarya. Sannan in sa Shata daga kwafi mafi kyau da na samu, ta waya mai jonawa ba ta Bluetooth ba, bayan na daidaita murya. Kafin ka danna, ka faɗa musu a taƙaice wa aka yi wa waƙar, a ina ka fara jin ta, da abin da kake so su kasa kunne a kai, misali inda kalangu ke maimaita abin da Shata ya faɗa. Ka roƙi a bar ta ta kai ƙarshe ba surutu ba taɓa waya, minti ashirin ba ya kashe kowa. Ku tsara zaman tsakanin La'asar da Magariba don maƙwabta su huta da dare. In kaset ɗin da ka samo ya ƙi washewa, kawo shi tare da rakodar, mu juya sukurun nan tare.